A Riƙa Duba Motocin da Aka Juya wa Sitiyari

Jama'a, akwai wata magana wadda ta shafi duk wanda ke shiga motar haya zuwa cin kasuwa, watau maganar motocin da ake shigowa da su sitiyarinsu yana dama, a kai su gareji a mayar da shi hagu. Mahukunta sun san ana wannan aiki, masu sayar da mota sun sani, direbobi ma da yawa sun sani. Wanda bai sani ba shi ne fasinja, talaka mai buhun gero ko ƙwaryar nono, alhali kuwa ransa ne a ciki.

Ga asalin abin. A zamanin Turawa ƙasar nan tana bin hannun hagu kamar Ingila, sitiyari kuwa yana dama. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka koma bin hannun dama domin mu daidaita da maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey wadda ake kira Benin yanzu. Ghana ta bi sahu ran 4 ga Agusta 1974. Amma Ingila da Japan ba su sake ba, kuma daga can ne tsofaffin motoci da yawa suke fitowa da araha. Dokar hanya ta hana a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista, kuma tana da hujja, don direban da ke zaune a dama ba ya ganin abin da ke tafe in zai wuce babbar mota. To, mai mota ya sayi araha, doka ta ce a'a, sai ya nufi gareji.

Wanda bai san mota ba sai ya zaci ciro sitiyari kawai ake yi a kafa shi a ɗaya gefen. Ina! Sai an sauke dashbod gaba ɗaya, an huda ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, an ƙaurar da sandar sitiyari da birki da kuloci da totur. Tukunyar man birki ma sai ta ƙaura, bututunta kuma a sake su. Ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba, wanda makanikai ke kira rak, na motar dama dabam ne da na motar hagu, don haka aikin ƙwarai shi ne a sayo na hagu a ɗaura. Amma kaya suna da tsada, mai mota kuma yana gaggawa, sai wasu su yanke ƙarfe su ƙara masa tsawo, su kira mai walda ya haɗa.

Nan ne haɗarin farko yake. Tun wajen 1967 masu ƙera motoci a Amurka suka fara yin sandar sitiyari yadda in an yi karo za ta shige cikin kanta ta gajarce, don kada ta soki ƙirjin direba. Ranar da aka yi mata walda aka mai da ita sanda guda, wannan dabara ta mutu. In kuwa waldar ba ta kama ba, wata rana a kan hanya, mota cike da mutane, direba zai juya sitiyari ƙafafu su ƙi bi.

Na biyu, maganar waya. Wayoyin da ke bayan dashbod an auna su ne daidai gefen da kamfani ya sa direba. In sitiyari ya ƙaura, wayar oda da ta sigina da ta fitila da ta makunni duk sai an ƙara musu tsawo. Rewaya mai tsoron Allah yakan nemo waya mai kauri ɗaya da ta asali, ya haɗa da darma, ya rufe da kyau, ya ɗaure ta nesa da zafi da ƙarfe mai kaifi. Na banza kuwa murɗawa yake da hannu ya naɗe da baƙin tef. Zafin Afrilu ya kwance tef ɗin, gargadar hanya ta goge wayar, sai wuta. Fis kuma in ya dame shi da ƙonewa, ya sa masa silin waya, shi ke nan ya kashe mai gadi.

Motocin zamani suna da jakar iska a tsakiyar sitiyari, wadda ke kumbura cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba in an yi karo. Mahaɗin wayarta ruwan ɗorawa ne, an bambanta shi don kowa ya kiyaye. Tana bi ne ta cikin wata siririyar waya mai faɗi da ke naɗe a bayan sitiyari, mai kwancewa da naɗewa yayin da ake juyawa. In ba a saita ta a tsakiya ba wajen mayarwa, juyi ɗaya zuwa ƙarshe sai ta tsinke, oda ta mutu, jakar ma ta mutu. Wasu maimakon su gyara sai su kashe ƙwan da ke nuna lahani a dashbod, su sayar da motar haka. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Haka nan masu sa wa sitiyari ƙari don ya matso kusa da su, su sani masana sun ce a bar kamar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, in ba haka ba jakar da aka sa don ceto ita za ta yi rauni.

Akwai kuma abin da juya sitiyari ba ya gyarawa. Fitilar motar Japan an yi ta ne ta ɗaga haske wajen hagu, gefen hanya ke nan a can. A nan kuwa hagu shi ne idon direban da ke tahowa. Bas ɗin da aka ƙera don Japan ƙofar fasinjanta tana hagu, saboda haka in ba a sake ta ba, tsohuwa da goyon jikanta a tsakiyar titi za ta sauka.

Ba mu ce laifin makanikai ne su kaɗai ba. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu hannu waɗanda in an ba su kaya na gari da lada mai kyau za su yi aikin da ba wanda zai kushe. Araha ba ta ado, masu magana suka ce. Babban laifi yana wuyan waɗanda aka ɗora wa duba lafiyar mota. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ga kuma ma'aikatan V.I.O. a jihohi. Tsare direba a hanya a tambaye shi takarda abu ne mai sauƙi, amma takarda ba ta riƙe birki.

Saboda haka ga abin da muke nema. Duk motar da aka juya wa sitiyari, kada a ba ta lamba sai an ɗaga ta an duba rak da sanda da bututun birki da waya da fitila. A rubuta cikin takardunta cewa juyayya ce, don mai saye ya san abin da yake saye. A kuma buɗe wa makanikai da rewaya darasi a makarantun koyon sana'a, da kuɗin da talaka zai iya, a ba wanda ya ƙware shaida. Hani kawai ba tare da wannan ba, ɓoye aikin zai yi, ba zai kashe shi ba.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, musamman masu tara kuɗin adashi don sayen motar haya, ku buɗe ido. Ku dubi gefen da ƙofa take. Ku dubi inda mabuɗin bonet yake, in yana wajen ƙafar fasinja ku yi tambaya. Ku kunna makulli ku ga ko ƙwan jakar iska ya kama ya mutu bayan 'yan daƙiƙu, don haka mai lafiya yake yi. Ku tafi da makanikinku, kada ku dogara ga na dillali. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu, ya kai kowa gidansa lafiya.