Kankana Ba Ta Son Gata

Manoman inabi a Faransa sun daɗe da sanin cewa ɗan ƙishi lokacin nuna shi ke tara zaƙi. Haka kankana take. Amma a gonakin rani na Garki, wani injin ban ruwan ba ya hutawa har ranar tsinka. Ƙarshenta sai ka ga kankana ƙatuwa amma lami, tana tsagewa kafin ta isa kasuwar Dutse, ga kuɗin fetur ya salwanta. Ƙishi lokacin fure kuwa zubar da 'ya'ya yake yi, abin lissafi ne. Ni dai shawarata, 'yan uwa ɗalibai, mu bar furojet ɗin kwafe-kwafe, mu ƙera na'urar auna damshin ƙasa mai arha. Wallahi manomi zai saya.