Kafin a kafa borni, wa ya duba hanyar ruwa?

Damina ta wuce, an koma yankan hilaye. Duk mai zagaya bayan gari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san abin da nake nufi: gonar da aka noma hatsi bara, bana borni ne jere cikinta, dillalai na zaune gindin gawo da taswira a hannu. Tambayata ga ma'aikatun magajin gari guda ce. Kafin ku sa hannu kan wannan taswira, wa ya duba inda ruwa zai bi?

Ba alfarma nake roƙo ba, ƴan uwa. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018, wadda ta ce aikin da ke iya taɓa muhalli sai an yi mishi bincike kafin a soma, a kuma saurari mutanen da abin ya shafa. Akwai ma'aikata sukutum, BNEE, da aka ɗora ma wannan nauyi. In hanya ce da kuɗin Bankin Duniya, za ku ga an bi ƙa'idar daki-daki, don mai kuɗin ba ya sakin ko dala sai ya ga rahoto. Amma in aka zo yanka unguwa mai gida dubu, sai a mai da abin harkar mai awo da mai karɓar kuɗi kawai. To wane aiki ne ya kai sabuwar unguwa canza ƙasa?

Mu ɗauki Maraɗi. Tsohon garin cikin kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta tashe shi aka hau tudu. Kakanninmu sun biya kuɗin wannan darasi tun tuni. Yau garin yana ta faɗaɗa bisa tudun, kuma ga abin da ba a lissafawa: gonar rairayi tana shanye ruwan sama, rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan ko ɗigo. Duk hilin da aka gine a sama, ruwansa gangarowa yake ya nufi Gulbi, yana ratsa tsoffin unguwanni yana haƙa kwazazzabai. Wanda ya sayi hili a tudu bai san ya aika ma na gangare kaya ba. A ƙarshen Agustan 2024 ruwa kimanin milimita 150 ya sauka cikin abin da bai kai awa biyu ba, fiye da rubu'in ruwan shekara ke nan, mutum 15 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ruwan na Allah ne, ba gardama. Rashin kanibo da gine hanyar ruwa kuwa, sa hannun mutum ne.

A Damagaram dutse ne ƙarƙashin gari, ruwa ba ya nutsewa da sauri, tabkuna ne ke riƙe shi. Ka cike tabki da shara ka yanka shi, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakin wani zai kwana. A Yamai, dajin dogon yaro da aka soma dasawa tun 1965 don kare birnin daga iska da ƙura, kowa ya ga yadda gine-gine suka yi ta cinsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sayar da hili shi ne kuɗi mafi sauri da hukumar gari ke samu, har gwamnati ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da hilaye. Mai neman kuɗi da gaggawa ba zai so binciken da ke iya ce mishi kashi kaza na wurin nan hanyar ruwa ce, ba ta sayarwa ba.

Na san abin da wasu za su ce: matasa na neman muhalli, bincike na cin kuɗi da lokaci. Ni ma gidan haya nake, kuma ina son nawa. Sai dai kuɗin da ake gudu bai ɓace ba, juyawa yake ya faɗo kan talakan da ɗakinsa na laka ya zube, da ɗaliban da ake jinkirta ma komawa lakol don an tsugunar da ƴan ambaliya cikin azuzuwansu.

Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi, ba sauran kansilan da za ka tare a ƙofar masallaci ka tambaya. Wannan ya ƙara ma zaman sauraren jama'a nauyi. Ba irin na otal da Faransanci da lemo ba; a yi shi ƙofar mai unguwa, da Hausa, da Zabarmanci inda ya dace, a kira mata da manoman wurin. Tsohon da ya shekara arba'in yana noma gonar ya fi kowace taswira sanin inda ruwa ke kwanciya. A liƙa tsarin a bangon ma'aikata, a karanta taƙaitaccen rahoton a rediyo kafin a sayar da hili ko ɗaya.

Kai kuma da ke tara jikka-jikka don ka sayi naka, kafin ka miƙa kuɗi ka ce dillali ya nuna maka a taswira inda aka bar ma kanibo, lakol da asibiti wuri. In ya soma kame-kame, je ka ga hilin cikin Agusta.