Kuɗin Buga Littafi Na Cikin Wayar Masu Karatu, Amma Bashi Ne a Wuyan Marubuci

A watan Maris na 2022 wani marubucin ƙagaggun labarai ɗan Amurka mai suna Brandon Sanderson ya nemi masu karatunsa su biya kuɗin sababbin littattafansa huɗu tun kafin a buga su. Ya yi hakan ne a shafin Kickstarter, inda mutane ke haɗa kuɗi domin wani aiki ya tabbata. Cikin wata guda mutum fiye da 185,000 suka tara masa sama da dala miliyan 41. Tun daga lokacin, duk inda aka yi zancen marubuci mai cin gashin kansa sai an ambaci wannan labari.

Sai dai matashin da ke zaune a Kwargaba, cikin ƙaramar hukumar Wurno, ko a Rabah ko Goronyo, wanda ya gama rubuta labarinsa a wayar Tecno ko Itel, ba zai iya bin sawun Sanderson kai tsaye ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ya yarda mazaunansu su buɗe neman kuɗi, haka ma GoFundMe. Wannan bai kamata ya kashe wa kowa gwiwa ba. Kayan aikin da ake buƙata suna hannun matashin tuni: zauren WhatsApp, lambar asusu, da mutanen da suka saba karanta abin da yake rubutawa. Abin da ya fi ƙaranci shi ne tsari da riƙon amana, kuma a nan ne yawancin irin wannan yunƙuri ke tashi ko ya faɗi.

Arewa ta daɗe da sanin wannan hanya

Buga littafi da kuɗin aljihu ba sabon abu ba ne ga marubutan Hausa. A shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare kuma manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta, matasa a Kano da kewaye sun daina jira. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Marubuci ne ke biyan mai buga rubutu da mai zanen bango da maɗaba'a, sannan ya kai wa 'yan kasuwa. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin taimakon juna. Wasu masana sun raina aikin, suka laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano, amma masu karatu sun saya. A 2012 wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba.

Ƙasar Wurno kuwa tana da nata darasin da ya girmi wannan. A garin Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, marubucin Infaƙul Maisuri, ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma aka binne shi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta warware matsalar da har yau ke damun marubuta, wato yadda rubutu zai isa ƙauye. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: jajoji su taho daga garuruwansu tare da ɗalibai, su koyi waƙoƙinta na ilimi, su koma su koyar da sauran mata. Babu maɗaba'a, babu mota, amma a kowane gari akwai wadda aka sani kuma aka yarda da ita, ita ce ke kai karatun. Marubucin yau da ke da amintattun wakilai biyar a Achida, Rabah, Goronyo, Sakkwato da Illela yana tafiya ne a kan wannan tsohuwar turba, ko da bai sani ba.

Yadda lissafin yake

A yanzu dubban mutane, galibi mata, suna karanta littattafan Hausa a WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks. Tsarin da aka saba shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta ce mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta tiransifa ko katin waya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Wannan ma tara kuɗi ne daga jama'a, suna ne kawai ba a ba shi ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaga shi zuwa matakin littafi cikakke, wanda aka gyara, aka yi masa bango, aka buga.

Matakin farko shi ne a gama rubutun. Wani abu da masu yaɗa labarin Sanderson ke yawan tsallakewa shi ne ya riga ya rubuta littattafan nan huɗu kafin ya nemi ko sisin kwabo. Wanda ya karɓi kuɗi a kan labarin da ke babi na uku ya ɗora wa kansa nauyin da rashin lafiya ko lalacewar waya ko aikin damina za su iya hana shi saukewa.

Mataki na biyu shi ne a san farashi na gaskiya. Marubuci ya tuntuɓi maɗaba'a biyu ko uku a Sakkwato, Kano ko Zariya, ya karɓi farashin kwafi 300 ko 500 a rubuce, tare da ranar da farashin zai daina aiki, domin kuɗin takarda na tafiya ne da canjin dala. Ya haɗa da ladan mai gyaran rubutu, mai tsara bango, lambar ISBN da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, da kuɗin mota daga maɗaba'a zuwa hannun masu karatu. Kuɗin aike shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma yake cinye riba.

Mataki na uku shi ne a faɗa wa jama'a lissafin ƙarara. A misali, idan duka aikin zai ci naira 400,000, kuma an sa kwafi ɗaya a kan naira 2,000, to ana buƙatar mutum 200. Sai a sa wa'adi, a ce kwana 40. Kickstarter yana da ƙa'ida mai kyau da ya dace a ara: idan kuɗin bai cika ba a ranar da aka sa, ba a taɓa kuɗin kowa. A zauren WhatsApp wannan na nufin a mayar wa kowa abinsa. Yana da kyau a ware asusu daban a OPay, Moniepoint ko wani banki domin wannan aiki kaɗai, a riƙa saka jimillar abin da ya shigo kowace Juma'a, kuma a riƙa tabbatar da shigar kuɗi a cikin manhajar banki maimakon dogaro da hoton shaidar biya, saboda masu alat na bogi.

Wanda ya ci ladan kuturu

A nan ne ra'ayi ya kamata ya tsaya da ƙarfi. Kuɗin da mai karatu ya tura kafin littafi ya fito ba kyauta ba ce, ba kuma gudummawar biki ba ce. Ciniki ne da aka biya kafin a karɓi kaya. Manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa na fadamun Wurno da Goronyo sun san irinsa, kuma littattafan fiƙihu sun yi masa babi guda, wato cinikin salam, inda ake sharɗanta a bayyana siffar kaya da adadinsa da lokacin miƙa shi. Haka ya kamata marubuci ya yi: ya faɗi yawan shafuka, ya faɗi ko na takarda ne ko PDF, ya faɗi watan da za a karɓa da wurin da za a karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dalilin tsananta wannan magana shi ne ɓarnar mutum ɗaya ba ta tsayawa a kansa. Idan marubuci ya tara kuɗin mutum ɗari ya kashe waya, waɗannan mutum ɗarin ba za su sake tura wa wani sabon marubuci kuɗi ba, komai daɗin labarinsa. A ƙaramin gari kamar Kwargaba, inda kowa ya san gidan su kowa, abin ya fi haka muni. Amma wannan sanayya ita ce kuma jarin da marubucin birni ba shi da shi. Malamin makaranta ko wani dattijo da aka yarda da shi zai iya zama shaida a kan asusun, ya riƙa ganin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Akwai kuma iyakar doka. Tun watan Janairun 2021 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta fitar da ƙa'idojin tara kuɗin zuba jari daga jama'a, wanda sai ta kafar da ta yi rajista ake yin sa. Saboda haka marubuci ya tsaya a kan sayar da kwafi. Kada ya yi wa kowa alƙawarin kaso daga ribar littafi a zauren WhatsApp.

Manhaja na mutuwa, sabis na ɗaukewa

Marubutan Hausa da yawa sun saka littattafansu a OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013. A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 ta rufe. Wanda masu karatunsa ke can kaɗai ya wayi gari ba shi da hanyar yi musu magana. Mutanen gabashin Sakkwato kuma sun ɗanɗani wani abin da ya fi wannan: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar 'yan bindiga. Tsawon makonni babu kira, babu data, babu tiransifa.

Darasin a fili yake. Dukiyar marubuci mai zaman kansa ita ce jerin sunayen masu karatunsa da lambobinsu da garuruwansu, wanda suka ba shi da yardarsu. Ya ajiye shi a waya, ya ajiye a Google Drive, ya kuma rubuta a littafin takarda. Rubutun littafin ma ya zama yana wuri uku. Ya sayar a Selar ko ArewaBooks ko duk inda ya ga kasuwa, amma kada ya bar wata manhaja ta zama ita kaɗai ce ƙofar da ke tsakaninsa da jama'arsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tallan ma haka yake. Mabiya 20,000 a TikTok ba su kai mutum 200 da suka taɓa biyan kuɗin rubutu amfani ba. Saƙon murya na minti uku da marubuci ya karanta wani yanki da bakinsa yana isa ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, kuma ba ya cin data kamar bidiyo. Yawan masu sauraron littattafan Hausa a YouTube ya nuna kunne ma kasuwa ce.

Abin da masu shakka ke cewa

Wasu za su ce a yankin da mutane ke fama da tsadar abinci da gudun hijira, wa zai sayi littafi? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce ba lallai masu biyan farko su kasance a ƙauyen ba. 'Yan asalin Wurno da Rabah da Goronyo suna Sakkwato, Kano, Abuja, Legas da Maraɗi, akwai kuma ɗalibai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ana iya buɗe zaɓin mutum ya biya kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wata makarantar garinsu.

Wasu kuma za su ce da zarar PDF ya fita za a watsa shi kyauta a zauruka. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin karɓar kuɗi tun da farko: wanda ya riga ya mayar da kuɗin aikinsa kafin ranar fitarwa, ɓarawo ba zai durƙusar da shi ba. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba marubuci damar neman a sauke aikinsa da aka sata daga intanet, amma bin sawun kowane zaure ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gara a fara raba na takarda ga waɗanda suka biya, na waya ya biyo baya.

Labarin da ke jiran mai rubuta shi

Lokacin da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya taɓo rayuwar 'yan gudun hijira. Masu karatun Hausa suna son soyayya, suna kuma son ganin rayuwarsu a rubuce. Gabashin Sakkwato cike yake da labaran da a yanzu ake jin su a matsayin adadin mamata a kanun labarai kawai: manomin da ya bar gonarsa a bakin madatsar ruwan Goronyo, yarinyar da makarantarsu ta koma matsugunin 'yan hijira, ɗan kasuwar da ke lissafin hanya kafin lissafin riba. Idan 'ya'yan yankin ba su rubuta ba, wasu za su rubuta daga nesa, da idon baƙo.

Babu kamfanin ɗab'in da zai taho Kwargaba neman marubuci. Amma matashin da ya gama littafinsa, ya san farashinsa, ya sami mutum 200 da suka yarda da shi, ya kuma miƙa musu kayansu a watan da ya faɗa, zai ga littafinsa na biyu ya fi na farko sauƙin fitowa.