Sauya kamfanin wuta da gas a Birtaniya: Nawa ne magidanci zai iya ragewa?

Daga ranar 1 ga Oktoban 2025, hukumar kula da makamashi ta Birtaniya, Ofgem, ta ɗaga iyakar farashin wutar lantarki da iskar gas na gidaje zuwa fam 1,755 a shekara ga matsakaicin gida, daga fam 1,720 da aka yi amfani da shi tun watan Yuli. Ƙarin ya zo ne a bakin hunturu, lokacin da gidaje ke ƙona gas dare da rana don ɗumama ɗakuna. Kamar kullum, shawarar da aka fi bai wa jama'a ita ce su kwatanta farashin kamfanoni su koma inda ya fi sauƙi.

Shawarar tana da amfani, amma sauƙin da take kawowa yana da iyaka, kuma ba kowa ke samunsa ba.

Abin da ke rikita mutane da yawa, musamman sabbin zuwa irin dubban 'yan Najeriya da suka shiga ƙasar karatu ko aikin jinya a 'yan shekarun nan, shi ne adadin fam 1,755 ɗin kansa. Ba shi ne ƙarshen abin da za a caji gida ba. Abin da Ofgem ke ƙayyadewa shi ne kuɗin kowane kilowat, da kuma kuɗin da ake yanka kullum saboda gidan yana haɗe da layi. An samo adadin ne daga lissafin gidan da ke shan kilowat 2,700 na lantarki da 11,500 na gas a shekara. Gidan da ya sha fiye da haka, zai biya fiye da haka.

A zangon da ya fara a Oktoban 2025, kilowat ɗin lantarki ya kasance kusan peni 26, na gas kuma peni 6 da ɗoriya. Kuɗin kullum kuwa ya kai kusan peni 54 na lantarki da 34 na gas, wato sama da fam 300 a shekara ko da mai gida ya kulle ƙofa ya tafi hutu Kano bai kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Wannan kaso ne ya fi yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, domin tsimi ba ya rage shi.

Wanda bai taɓa zaɓar tsari ba, ko wanda ya tare a gidan haya ya tarar da kamfanin da tsohon ɗan haya ya bari, yawanci yana kan farashin da ke bin iyakar Ofgem, wanda ake sake dubawa duk wata uku. Ɗaya zaɓin shi ne a ƙulla yarjejeniyar tsayayyen farashi, galibi ta shekara guda. Idan farashin kasuwa ya tashi mai gida ya tsira, idan ya faɗi kuma ya ci gaba da biyan tsohon kuɗi.

Ga misalin lissafi. A ce wani kamfani ya rage peni 2 a kilowat ɗin lantarki da rabin peni a na gas. Matsakaicin gida zai rage fam 54 a lantarki da kusan fam 58 a gas, jimilla fam 110 da 'yan kai. Kuɗi ne mai auki, amma idan tsohuwar yarjejeniyar na da tarar ficewa ta fam 50 a kan kowanne, ribar ta kusa tafiya. Shi ya sa ƙa'idar kwana 49 ke da muhimmanci: a cikin kwanaki 49 na ƙarshen yarjejeniya, kamfani ba shi da ikon cin tarar wanda ya fice.

Sauyin kansa ba wuya. Ba a taɓa waya ko bututu, takarda ce kawai ke canja hannu, kuma ya kamata a kammala cikin kwanakin aiki biyar. Akwai kwana 14 na canja shawara. Ɗan haya da ke biyan kuɗin wuta da sunansa yana da 'yancin sauyawa, haka ma mai mitar kati da bashinsa bai wuce fam 500 a kan wuta ko gas ba. Shafukan kwatanta farashi irin su Uswitch da MoneySuperMarket suna sauƙaƙa aikin, sai dai suna karɓar la'ada daga kamfanoni, kuma ƙididdigarsu ba ta da amfani idan mutum bai shigar da ainihin kilowat ɗin da ya sha a bara ba. Adadin yana rubuce a takardar biyan kuɗi.

Tarihin kasuwar ne ke nuna iyakar wannan dabara. An buɗe wa gidaje ƙofar zaɓar kamfani a ƙarshen shekarun 1990, da zaton gasa za ta karya farashi. Amma a 2016 binciken hukumar kula da gasa ta ƙasar ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abokan hulɗar manyan kamfanoni shida suna zaune a kan tsari mai tsada, ba su motsa ba. Masu wayo da intanet suna cin rangwame, tsofaffi da waɗanda ba su da lokacin bincike suna biyan kuɗinsa. Wannan ne ya sa aka kafa iyakar farashi a Janairun 2019.

Sai kuma 2021, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya. Ƙananan kamfanonin da suka jawo jama'a da arha, ba tare da sun sayi gas sun ajiye a farashi mai sauƙi ba, suka riƙa durƙushewa, kusan 30 cikin 'yan watanni. Mafi girmansu, Bulb, sai da gwamnati ta tallafe shi kafin Octopus ya karɓe shi. Ba a yanke wa kowa wuta ba, an dai mayar da mutane wasu kamfanoni, amma kuɗin gyaran ɓarnar an raba shi a kan takardun kowane gida, har da waɗanda ba su taɓa cin arhar ba. Bayan Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, iyakar farashin ta kai fam 3,549 a watan Oktoba, abin da ya tilasta wa gwamnatin Liz Truss sa kuɗin baitulmali ta tsayar da shi a fam 2,500. A wancan lokacin babu inda za a sauya a koma, domin tsare-tsaren arha sun ɓace daga kasuwa.

Yanzu sun dawo, amma farashin yau yana sama da fam 1,277 na Oktoban 2021 nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne mafi yawan gidajen Birtaniya da gas suke ɗumama ɗaki, kuma sau da yawa tashoshin gas ne ke yanke farashin lantarki a kasuwar sari. Gasar kamfanoni tana taɓa ɗan abin da ke sama ne kawai.

Ga mai karatu a Kano ko Katsina ko Dutse, inda KEDCO kaɗai ke rarraba wuta kuma layin unguwa ne ke yanke ko mutum yana rukunin A ko wani, wannan zaɓi abin sha'awa ne. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwarsu, kuma wasu sun fara. Idan wata rana maganar gasa tsakanin masu sayar da wuta ta taso, tambayar da Birtaniya ta makara wajen yi ita ce wa ke bincikar ƙarfin aljihun kamfani kafin a ba shi lasisi, kuma wa zai biya idan ya faɗi.