Kirifto: Idan masu aiki suka sauya akala, wa ke sauraron kukan masu riƙe da sulalla?

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a Kano, Kaduna ko Gombe a tsakiyar shekarar 2024 ya ga yadda dangwale ya koma kamar aikin ofis. Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu sun ɗan samu abin kashewa, sai jama'a suka yi tururuwa zuwa Hamster Kombat, wasan Telegram da masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 300. Da farko kowa ya ɗauka yawan sulallan da ya tara da yatsa ne ma'auni. Ana cikin tafiya aka ce ribar da mutum ke samu a kowace awa ce abin dubawa. Can gaba kuma aka shigo da makullai da ƙananan wasanni. Kafin ranar 26 ga Satumba da aka saka HMSTR a kasuwa, an kori asusu miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi, an kuma riƙe kashi 11.25 cikin 100 na rabon kowa har na tsawon wata 10. Da yawa daga waɗanda suka yi watanni suna sayen data da cajin waya ba su tashi da komai ba sai 'yan daloli kaɗan.

An yi zagi, an yi Allah ya isa, an cika Facebook da X da hotunan ɓera. Babu ko layi ɗaya na rabon da ya canza. Dama masu Hamster ɗin ba su taɓa bayyana sunayensu ba, don haka ko wanda za a kama a ce ya yi bayani babu.

Abin da ya kamata masu zuba kuɗi ko lokaci a kirifto su lura da shi a nan shi ne, sauya akala ba baƙon abu ba ne a wannan harka, kuma ba kowace sauyawa ce cin amana ba. Abin da ke raba wanda kukansa ke tasiri da wanda ke kuka a banza shi ne abin da yake riƙe da shi a hannu ranar da aka juya sitiyari.

Tarihin dandalin da Hamster ke tafiya a kansa ma ya isa misali. A 2018 kamfanin Telegram na Pavel Durov ya tara dala biliyan 1.7 daga manyan masu zuba jari 171 don gina TON da sulallan da ya kira Gram. Hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta kai ƙara a watan Oktoban 2019, kotu a New York ta hana raba sulallan a watan Maris na 2020, zuwa watan Mayu Durov ya sanar da cewa ya haƙura da aikin baki ɗaya. Babu sauyin da ya kai wannan girma. Amma waɗancan mutane suna da yarjejeniya a rubuce, mai ɗauke da ranar da dole a miƙa musu kaya ko a mayar da kuɗi. An ba su zaɓin karɓar kashi 72 cikin 100 nan take, waɗanda ba Amurkawa ba kuma za su iya jiran shekara ɗaya su karɓi kashi 110. A sulhun da aka yi da hukumar, Telegram ya amince ya mayar da sama da dala biliyan 1.2, ya biya tarar dala miliyan 18.5. Daga baya wasu masu ƙirƙira suka ɗauki TON ɗin suka farfaɗo da shi, kuma a kansa aka raba Notcoin da Hamster. Gida ɗaya ne, amma na farko sun shiga da takarda, na baya sun shiga da babban yatsa.

Akwai kuma inda ƙuri'a ta yi aiki. A ƙarshen Maris na 2023, 'yan kwanaki bayan Arbitrum ta raba sulallan ARB, gidauniyar aikin ta kawo ƙudurin ware wa kanta sulalla miliyan 750, kusan dala biliyan ɗaya a farashin lokacin. Masu riƙe da ARB suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da babban rinjaye. Sai ga shi gidauniyar ta riga ta taɓa kuɗin tun kafin a gama ƙirga: ta ba da aron miliyan 40, ta sayar da miliyan 10, ta kuma ce ƙuri'ar dama ta tabbatar da abin da aka riga aka yanke ce. Wannan magana ta ƙara wa wutar fetur. Cikin kwanaki gidauniyar ta janye, ta raba ƙudurin gida-gida, ta amince a riƙa sakar mata kuɗin a hankali. Ba wai tsarin ya zama adali ba ne, domin a irin wannan zaɓe mai sulalla miliyan ɗaya ya fi mutum dubu masu ɗari-ɗari nauyi. Duk da haka, an samu wurin da fushi zai iya komawa lamba, kuma lambar ta tilasta wa masu aiki ja da baya.

Masu Pi ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma a Arewa su ne suka fi kowa daɗewa a layi. Tun 2019 ake latsa maɓallin nan kullum. An buɗe hanyar sadarwarta ga kasuwannin waje a ranar 20 ga Fabrairun 2025, farashi ya taɓa kusan dala 3 cikin mako guda, sannan ya fara gangarowa. A watan Mayu aka yi ta raɗe-raɗin wata babbar sanarwa, farashi ya haura dala ɗaya da rabi, mutane da yawa sun sa rai cewa Binance ce za ta karɓe ta. Da sanarwar ta fito a ranar 14 ga wata, sai ta zama asusun dala miliyan 100 na zuba jari a ƙananan kamfanoni. Farashi ya faɗo ƙasa da dala ɗaya. A gaskiya gina wuraren da za a riƙa kashe Pi ba mugun tunani ba ne, kuma babu inda masu aikin suka yi alkawarin Binance, balle farashin dala 314,159 da wasu ke yaɗawa a tarukan unguwa. Wannan alkawari jama'a ne suka yi wa kansu. Laifin masu aikin shi ne sun bar zaton yana girma ba su yi saurin kashe shi ba, saboda yana riƙe musu mutane.

Wani zai ce ai sayarwa ma murya ce, in kowa ya zubar da nasa dole masu aiki su ji a jikinsu. Haka ne, amma sai ga wanda ƙofa take a buɗe gare shi. Mai Pi ɗin da ba a kammala tantance shi ba, ko wanda ya kulle nasa na shekara uku don ƙarin riba, ko ɗan Hamster da aka riƙe wa wani kaso, yana kallo ne kawai wasu na fita ta gabansa. Manyan da suka shiga da wuri kuma da arha suka saya, ko farashi ya karye biyu suna kan riba.

Sauyin da ya fi kowanne girma a fasahance ya wuce ba tare da irin wannan hayaniya ba. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta daina dogaro da injinan haƙa, ta koma tsarin jingina sulalla, abin da ya rage wutar da take sha da fiye da kashi 99 cikin 100. Masu injina sun yi asarar sana'a, wasunsu sun ɓalle da nasu reshen da bai je ko'ina ba, farashi ma ya ɗan sauka a makon. Amma an yi shekaru ana faɗin cewa ranar na zuwa, an yi ta gwaji a bainar jama'a, an ɗage sau da yawa ana bayyana dalili. Wanda bai gamsu ba ya samu isasshen lokacin tattara kayansa.

A Najeriya, dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ta saka kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar SEC. Hakan na iya amfanar wanda ya yi hulɗa da kamfanin da ke da rajista da ofis a ƙasar. Hannun hukumar ba zai kai ga ƙungiyar da ba a san sunanta ba, wadda ke magana da miliyoyin mutane ta tashar Telegram, ta kuma iya sauya ƙa'idar rabo da saƙo guda da tsakar dare. Hamster ta sanar da zango na biyu da sababbin wasanni da sabon shiri, amma zuwa watan Nuwamban 2024 rahotanni sun nuna masu shiga a wata sun ragu zuwa kusan miliyan 41. Wasu sun koma wasu manhajojin dangwalen, inda a can ma masu aikin ne kaɗai suka san yadda za a yi rabon.