Sulhun Kasuwa Da Laifin Toshe Bincike A Agege

Tun bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, fataken goro suka kafa zango a Agege, Hausawan wannan gari ke warware rigingimunsu ta hannun masu gida, dillalai da Sarkin Hausawa. Wannan tsari shi ne ya riƙe cinikin goro, kuma shi ne ke riƙe da cinikin shanu a mayankar Oko-Oba, inda ake ba da kayan miliyoyin naira bisa amana, ba tare da takarda ba. Sai dai akwai inda sulhu ke ƙarewa, laifi ya fara, kuma 'yan kasuwa da dama ba su san wurin ba.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Yaron shago ya gudu da kuɗin ciniki, maigida ya kai ƙara caji ofis, a kamo shi. Kafin gari ya waye dangin yaron sun tara wani abu, manya sun sa baki, mai ƙara ya karɓi rabin kuɗinsa bisa alkawarin ba zai sake bayyana ba. Wani lokaci a ɗora shaida a mota zuwa Arewa, ko littafin ciniki ya yi ɓatan dabo. A wurin masu yin haka, rufin asiri ne. A wurin doka kuwa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai laifi ne mai zaman kansa.

Ruɗanin yana da tushe. A Arewa, tsarin Penal Code da ya fara aiki a 1960, tare da dokar gudanar da shari'ar da ta zo da shi, ya yarda a sasanta wasu laifuffuka da aka jera. Ɗan kasuwan da ya tashi a Kantin Kwari ko Dawanau ya saba da haka. Kudu kuwa ta gaji Criminal Code na 1916, wanda aka kwaikwayo daga dokar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya. Sashe na 127 na wannan kundi ya tanadi ɗaurin shekara 3 ga wanda ya karɓi dukiya don ya ɓoye babban laifi ko ya janye daga shari'arsa, shekara 7 in laifin na kisa ne ko na ɗaurin rai da rai. Sashe na 126 ya tanadi shekara 7 ga masu haɗa baki don karkatar da shari'a. Jihar Legas ta yi tata dokar laifuffuka a 2011, amma ba ta zubar da wannan babi ba.

Kada a ɗauka dokar ta talakawa ce kawai. A 2018 Babbar Kotun Legas ta ɗaure babban lauya Joseph Nwobike wata guda bisa sashe na 97 na dokar jihar. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a Disamban 2021, bisa dalilan da suka haɗa da cewa hukumar EFCC ba ta da hurumin gurfanar da shi kan irin wannan tuhuma. Shekaru ya yi yana neman wanke kansa, shi da ya san hanyar kotu.

Ta fuskar tattalin arziki, hasarar ta fi ta mutum ɗaya. Wanda ya karɓi rabin kuɗinsa ya yi shiru ya rage tasa asarar, amma ya miƙa ɓarawon ga shago na gaba. Idan irin haka ta yawaita, mai turo kaya daga Kano ko Maigatari zai ƙara farashi ko ya daina ba da bashi, kuma ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda amana ce kaɗai jarinsu, su ne ke fara jin jiki.

Laifin ba na 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Mutum ba ya gudun caji ofis haka kawai. Inda ake neman kuɗi kafin a ba da belin da doka ta ce kyauta ne, inda ake ɗage shari'a har mai shago ya gaji da rufe shagonsa, dole sulhun bayan fage ya yi kasuwa. Su ma 'yan kasuwar suna da wata mummunar ɗabi'a, ta mai da ɗan sanda mai karɓo bashi, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake nema.

Abin da ya kamaci shugabannin Hausawan Agege shi ne su raba bashi da sata tun daga zaure. Bashi na da wuraren zuwa: cibiyar sulhu ta Multi-Door da aka buɗe a Legas a 2002, da kotun ƙananan basussuka da jihar ta kafa a 2018 don da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba. Sata kuwa, da zarar ta shiga littafin 'yan sanda, duk wata maganar mayar da kuɗi ko yafiya a kai ta gaban mai gabatar da ƙara da majistare, a rubuce.