Tsohuwar kat-kat da shan mai

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauko da litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Duk da haka, mai goro ko mai tattasai ta nemi ragin kuɗin mota zuwa kasuwar ƙauye, amsar direba ɗaya ce: hajiya, motar nan na shan mai.

Gaskiya ne, tsohuwar Land Cruiser ba ta da ƙaramin ciki. Amma wani shan, sakaci ne. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, injin ya kasa numfashi, ya yi ta zuƙar mai yana baƙin hayaƙi. Taya maras iska na jan mota baya. Ga direban da ya sassauta tayoyi don ratsa yashi, ya hau kwalta bai sake cika su ba, ƙafa huɗu kuma na nan kunne. Ga injin da ake bari yana kuka a tasha ana jiran fasinja.

Mu ma ƴan kasuwa da namu laifi. Buhunan da muke matsa wa yaron mota ya jibga bisa rufi, har mota ta fi rumbu tsawo, iska suke tarewa, kuma mai ke biya.

Muna kira ga shugabannin sandika a tashoshin Maraɗi, Damagaram da Tawa: kafin a ƙara wa fasinja ko dala, a tura motar wurin makaniki, a auna iskar taya, a sauya matata.